Tashi Goma

Kujerar nan ta falo, mai ruwan ƙasa,
ita ce abokiyar kokawata yanzu.
Ni da nake saɓa buhun shinkafa a kafaɗa
a shagon Alhaji Barau na Cheetham Hill,
in hau bene da shi ban tsaya ba,
yau murfin kwalbar zuma ya gagare ni.
Na miƙa wa Sahura, jikata 'yar shekara tara,
ta murɗe shi idonta na kan talabijin.

Wannan ciwo ba ya sallama.
Gara ce a cikin azara:
yau ta ɗebi kaɗan a cinya,
gobe ta yagi damtse,
har agogo ya fara yawo a hannuna.
Sikeli kuwa bai faɗa mini gaskiya ba,
don tumbin yana nan daram,
ƙafafun ne suka yi ƙaura ba ban kwana.

Likitan zuciya ya ce a rage gishiri.
Ta ciwon suga ta ce a rage tuwo.
Na rage, na rage,
har na kusa rage kaina.

Sai wata 'yar Jamaika a asibitin Crumpsall,
mai gashin ƙashi, mai dariya da haƙorin zinari,
ta ba ni ƙarfe ta ce in matse.
Ta dubi lambar, ta ɗan yi shiru.
Da Turancinta ta faɗa, ni na juya shi a raina:
Baba Jatau, tsoka hanya ce,
in an daina bin ta, ciyawa ke gaje ta.
Ta miƙo mini jar roba,
irin danƙon da muke harbin kurciya da shi a Funtuwa.

To, ga ni da hantsi,
bayan ƙwayoyi huɗu da ruwan ɗumi,
bayan allura ta ɗanɗani yatsata,
na zauna, hannu naɗe a ƙirji.
Ran Asabar Sahura ke ƙidaya.
Ɗaya. Gwiwa ta yi kukan tsohon ƙyaure.
Uku. Biyar.
A na shida numfashi ya fara ciniki da ni.
An ce muddin ina iya magana, in ci gaba;
in ƙirji ya ɗaure, ko duhu ya gifta,
in zauna, ban da taurin kai.
Makon farko a bakwai na tsaya.
Yarinyar ta ce takwas ne. Ƙarya take, Allah ya yi mata albarka.

Da aka duba ƙoda aka ce ba laifi,
Hansatu ta ɗaura yaƙi da tukunya:
ƙwai da safe, wake da rana,
kifi da dare, lami kamar gaisuwar maƙiyi.
Na ce ina yajin? Ta ce yaji halal, gishiri ne haram.
Garin nan rana rowa take yi,
sai aka ba ni ita a ƙwaya,
'yar fara, ƙarama, ba zafi ba inuwa.

In yayyafi ya ɗaga ƙafa mu fita,
daga ƙofa zuwa jan akwatin wasiƙa,
daga baya har bakin Heaton Park,
inda wani Bature da sandarsa ke gaishe ni da haɓa.
Ba mu san sunan juna ba.
Mun san bencin da kowa ke hutawa.

Ba ƙuruciya nake nema ba, ta ci kasuwarta.
Shekara uku ina salla a kujera,
can ƙarshen sahu, kusa da takalma.
Juma'ar da ta wuce na ture ta gefe.
Goshina ya taɓa darduma,
na ji ƙanshin da na manta.
Wajen tashi na dafa kafaɗar wani yaro ɗan Somaliya,
bai juyo ba, ya dai tsaya kamar ginshiƙi.

Na dawo gida ban gaya wa kowa ba.
Na ɗauko kwalbar zuma.
Har yanzu ita ke da nasara.
Gobe ma rana ce.